Gida Biyu Maganin Gobara, In Dukansu Da Jinka

Ga Kirsimati ya sake zagayowa. Hunturu ya sauka, an yanke dawa, an casa shinkafa. Motoci kuwa sun fara hawa daga Namu da Shendam da Lafiya da Awe zuwa Kwa da Pankshin da Mangu da Bokkos, cike da doya da awaki da yara masu sababbin riguna. Duk wanda ka tambaya ina za shi, sai ya ce, "Za ni gida." In ka ce masa, "To, can inda ka baro rumbunanka, inda aka yanke cibiyar 'ya'yanka fa?" sai ya ce, "Ai can daji ne."

A kan wannan amsa muke so mu yi magana da ku, 'yan'uwa na ƙungiyoyin gama kai. A ganinmu, manomin da asalinsa ke kan dutse, gonarsa kuwa tana kwari, ba shi da gida ɗaya da daji ɗaya. Gida biyu gare shi, dukansu kuwa amana ce a hannunsa. Amma yadda da yawa suke yin Kirsimati yana rage ƙarfin gidan kwari, ba ya kuwa ƙara wa na dutse kome.

Yadda muka zama masu gida biyu

Kakanninmu a kan duwatsu manoma ne na gaske. Sun jera duwatsu a jikin tudu don su tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Sukan ɗaure awaki a turke da damina, su tara taki, su zuba a gonar bayan gida, su ci amfaninta kowace shekara ba tare da ta gaji ba. Har wani mai bincike daga Amurka, Robert Netting, ya zauna cikin Kofyar, ya buga littafi a kan nomansu a 1968. Amma jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan, ga haraji, ga kuɗin makaranta. Tun daga shekarun 1950 mutane suka riƙa sauka zuwa dazuzzukan Namu, suna noman doya da shinkafa da gero don sayarwa. Daga baya waɗansu kabilun dutse suka bi sawu, har Lafiya da Doma da Awe, waɗansu har ƙetaren Binuwai.

Da fari bukka ce kawai mutum yakan kafa, ya yi damina, ya koma. Sannu a hankali bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida mai kwano, aka gina majami'a da makaranta. Ana nan sai iyaka ta ratsa tsakani. An kafa Jihar Filato a 1976, aka cire Jihar Nasarawa daga cikinta a 1996. Mutumin da ya sauka Awe yana noma cikin jiharsa, ya wayi gari a jihar da ba a lasafta shi ɗan asali ba, ko da yake bai ɗaga ƙafa ba. Ɗansa da aka haifa can, in yana neman makaranta ko aikin gwamnati, sau da yawa sai ya hau dutse neman takardar shaidar ɗan asali daga ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana wata guda a cikinta ba.

Abin da tafiyar Disamba take ci

Ba mu ce kada a je gida ba. Zumunta a ƙafa take, tsoho kuwa ba ya ƙoshi da muryar ɗansa a waya. Abin da muke so a duba shi ne da me ake biyan tafiyar.

Kowane manomi ya sani amfanin gona ya fi araha da kaka, gama kowa ya kawo nasa kasuwa a lokaci ɗaya. A daidai wannan lokaci ne ake neman kuɗin mota, da ɗinki, da akuya, da gudunmawar taron gari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin da ba mu saba gani ba. Sai mutum ya buɗe rumbu. Buhun da ya sayar a Disamba, shi ne zai nema a Yuli da Agusta da tsada, watakila ma daga hannun wanda ya saya a wurinsa. Mafi muni, akwai mai taɓa irin doya. Wanda ya sayar da ƙwarya ɗaya ta iri ya bar kunya 100 ba shuka, ko fiye, in irin na yankawa ne. Wani kuma rancen taki da ƙungiya ta ba shi, wanda ya kamata ya biya da kaka, shi ne yakan zama shadda da takalmi. In mutum 5 cikin ƙungiya mai mutum 30 suka yi haka, ma'aji zai isa lokacin sayen taki hannu wofi, marasa laifi 25 su sha wahala tare da su.

To, me gidan dutse yake samu cikin wannan duka? Mako guda na shinkafa da nama. Ranar 2 ga Janairu motoci su sauka, a bar tsohuwa da jinka mai yoyo, da rijiya mai nisa, da jeren duwatsun gona da suka zube ba mai tayarwa. An kashe abin da zai isa sayen kwanon rufi, amma ba a kafa ko ƙusa ɗaya ba. An ga mutum ya zo da girma, amma ba a ga abin da ya bari ba.

Baƙon shekara 30

Ga kuma gidan kwari. Akwai 'yan'uwa da suka yi shekara 30 suna noma a wuri ɗaya, amma har yanzu sunansu yana littafin ikkilisiyar gida. Ba su karɓi takardar sallama ba, ba su shiga ƙungiyar inda suke ba, zakkarsu da baikon godiyarsu sai sun hau dutse. Ranar Kirsimati majami'ar ƙauyen kwari takan zama kamar an share, mai bishara ya yi wa'azi ga kujeru. Ba su dasa mangwaro ko lemo ba, gama a cewarsu baƙo raɓa ne. Suna noma ƙasa har ta gaji, ba taki, ba hutu, su matsa gaba, abin da ba za su taɓa yi wa gonar ubansu ba. Yanzu kuwa dajin da za a matsa ya ƙare a wurare da yawa.

Gonar ma da yawa a baki aka ba su ita. Dattijon da ya ba da ita ya rasu, shaidu sun rasu, 'ya'ya sun tashi ba su san alkawarin ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar riƙon gona bisa ga al'ada a karkara, amma kaɗan ne suka taɓa tambaya. Mun ga abin da gardamar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo a Yelwan Shendam a 2004, da Namu a 2006. Takarda kaɗai ba ta hana fitina, amma maƙwabcin da ka je jana'izar uwarsa, kuka haƙa rijiya tare, ya fi wuyar ɗaga maka hannu.

Masu iya magana sun ce gida biyu maganin gobara. A zamaninmu wannan ba karin magana kaɗai ba ne. A 2023 an ƙone ƙauyuka da yawa a ƙasar Mangu. A jajiberin Kirsimati na wannan shekarar aka kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe fiye da mutum 100. Wutar takan tashi a kwari, takan kuma tashi a kan dutse. Wanda gidansa na biyu yake da rufi da hatsi da mutanen da suka san shi, ya sami inda zai kai iyalinsa. Wanda ya bar nasa ya zama kango, ko ya zauna shekara da shekaru bai yi aboki ba, ina zai nufa?

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

Ubangijinmu kansa a gidan masu wuri biyu aka haife shi. Yusufu yana zaune a Nazarat ta Galili, asalinsa kuwa Baitalami ta Yahudiya, tafiyar mil 70 ko fiye. Rajistar gwamnati ce ta sa shi ya tafi garin kakanninsa, ya kuwa isa bai sami masauki ba. Daga can suka gudu Masar. Duk wanda ya taɓa bin layi a garin ubansa kamar baƙo ya san wannan labari.

Ku karanta Irmiya sura 29. Mutanen da aka kai Babila suna zaman jiran komawa, sai annabi ya aika musu su yi gini, su yi shuka, su yi addu'a domin garin da suke ciki, gama zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa. Ku kuma karanta 1 Timoti sura 5, inda Bulus ya tsawata wa mai bi da ya ƙyale danginsa. Ɗaya ta hana mu raina gidan kwari, ɗaya ta hana mu manta da na dutse.

Wani zai ce, "Taura biyu ba ta taunuwa, gara mutum ya zaɓi ɗaya." Gaskiya ne, talaka ba zai iya gina gida biyu a shekara ɗaya ba. Amma ba a ce a tauna su a lokaci guda ba. Bana ka gyara ɗakin tsohuwa, baɗi ka dasa itatuwa a gonarka. Abin da mutum ɗaya ya kasa kuwa, domin sa aka kafa ƙungiya.

Shawararmu ga ƙungiyoyi

1. A buɗe adashin Kirsimati tun watan Satumba, sa'ad da sabuwar doya da gyaɗa suka fara shiga kasuwa, domin kada a dogara ga rumbu a Disamba.

2. Kowa ya biya rancen ƙungiya, ya ware iri da abincin damina, kafin ya hau mota. Wanda yake so, ya ajiye hatsinsa a siton ƙungiya cikin buhunan PICS masu hana ƙwari, da sa hannun ma'aji da magatakarda.

3. Masu zuwa gari ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki mota ɗaya. A bar masu tsaron gidaje da rumbuna bi da bi, a kuma share ciyawa kewaye da su saboda wutar daji.

4. Kowane iyali ya tafi da aiki ɗaya da zai rage bayansa: rufin ɗaki, ko gyaran rijiya, ko tunkiyar kiwo ga tsohuwa. Samari su ba da yini ɗaya na gayya a tā da duwatsun gona da suka zube.

5. A zauna da dattawan gida biyu a kan iyakar gona tun suna da rai, a rubuta, a sa shaidu.

6. Wanda ya daɗe a kwari ya karɓi takardarsa ya shiga ikkilisiya da ƙungiyar inda yake ci. Shekara ɗaya cikin biyu ko uku, a yi Kirsimati can, a ɗauko tsofaffi su ga gonar jikokinsu, a kai wa maƙwabta abinci, Kirista da Musulmi.

7. A ware mudu daga kowane buhu domin 'yan'uwan da aka raba da gidajensu, waɗanda ba su da inda za su ce za su bana.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na ƙarshen shekara, su tattauna, su aiko mana da abin da suka shirya. Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. Masu zama, Allah ya tsare ku da rumbunanku. Barkanmu da Kirsimati da Sabuwar Shekara.