Daga Hedzranawoe zuwa Zongo: Kowa na fita nema, amma wa ke zama maigida?

Duk wanda ya taɓa sallar asuba a masallatan da ke kewaye da kasuwar Hedzranawoe, can arewa maso gabashin Lome kusa da filin jirgin sama, ya san abin da ke biyo bayan sallama. Kafin gari ya gama wayewa samari sun watse. Wannan ya nufi inda ake kwance dilar gwanjo, wancan ya tayar da babur, wani ya ja baro yana jiran kaya, wani kuma ya saɓa wanduna goma a kafaɗa zai bi unguwa-unguwa. Da wuya ka ga mai zaman kashe wando. Amma tari ɗaya daga cikinsu bayan isha'i ka tambaye shi shekara nawa ya yi yana wannan fafutuka, da abin da ya ajiye. Sau da yawa shekarun sun kai goma, ajiyar kuwa babu.

Wannan ita ce fuskar rashin aikin yi a wajenmu, kuma alƙaluman hukuma ba sa nuna ta. A kan takarda, marasa aikin yi a Togo ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dalili shi ne ma'aunin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke amfani da shi yana ƙirga duk wanda ya yi aikin samun kuɗi, ko na awa ɗaya ne a mako, cikin masu aiki. Wanda ya sayar da riga biyu ranar Litinin ya kwana da yunwa ranar Alhamis, a lissafin nan ma'aikaci ne. Kusan tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan suna neman abincinsu ne ba kwantiragi, ba albashi tsayayye, ba fansho. Gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a watan Janairun 2023, wato sefa 1,750 a rana. Ko wannan ɗin ma bai shafi ɗan dako da yaron shago ba, domin babu takardar da ta ɗaure maigidansa.

Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna Togo na da mutum kusan miliyan 8.1, fiye da miliyan 2 daga cikinsu a Lome da kewaye, kuma akasarinsu matasa ne. Kowace shekara jami'o'in Lome da Kara na yaye ɗalibai, makarantun Islamiyya na yaye nasu, 'yan ci-rani kuma na sauka daga Sokode da Dapaong da Nijar. Duk kasuwa ɗaya suke dosa.

Tsanin da iyayenmu suka hau

Zongo ba ta taɓa dogara da aikin gwamnati ba. Tana da nata tsarin ɗaukar aiki. Baƙo ya sauka gidan maigida, a ba shi wurin kwana da abinci. Ya fara da aike da ɗaukar kaya, ya koyi ciniki, ya zama dillali yana cin la'ada a goro ko shanu ko atamfa. In ya nuna amana, maigida ya yi masa aure, ya sallame shi da jari, shi ma watarana ya sauki nasa baƙin. Wani masanin Faransa, Michel Agier, ya zauna cikin 'yan kasuwar Zongon Lome ya wallafa littafi a 1983 a kan wannan dangantaka ta maigida da yaransa. Tsarin yana da nasa aibin, domin akwai yaran da aka ci guminsu, amma dai tsani ne, ana hawa a kai sama.

Tsanin nan ya sha sara. A 1977 hukuma ta rushe tsohuwar Zongo da ke tsakiyar gari, aka mayar da jama'a wajen Agoe da Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birni, nesa da babbar kasuwa da abokan ciniki. Daga Nuwamban 1992 aka shiga yajin aikin gama-gari na wajen wata tara, wanda ya durƙusar da kasuwanci, kuma a wannan zamanin ne sana'ar zemijan, wato kabu-kabu, ta kafu a Lome. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, jarin mai sayo kaya daga waje ya narke dare ɗaya. A Janairun 2013 gobara ta cinye kasuwar Kara da babbar kasuwar Lome, kwana biyu tsakani. A Disamban 2023 ta cinye kasuwar Agoe-Assiyeye, maƙwabciyar Zongo. Duk lokacin da jarin maigida ɗaya ya ƙone, sallamar yara biyar ko goma ta ƙone tare da shi.

Kasuwar da ke numfashi da kan iyaka

Hedzranawoe na cikin manyan kasuwannin gwanjo na Afirka ta Yamma. Dila na shigowa cikin kwantena ta tashar jiragen ruwa daga Turai da Amurka da Sin, a kwance ta a nan, a tace ta, sannan kaso mai yawa ya sake fita zuwa Nijeriya da Nijar da Burkina Faso da sauran maƙwabta. Saboda haka hukuncin da aka yanke a Abuja ko Yamai yana sauka ne a kan tukunyar ɗan dako a Lome.

Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, annobar korona kuma ta zo ta ɗora. A Yunin 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Ma'ana, mai sayayya daga Kano ko Legas da ya saba ɗaukar dila goma ya koma ɗaukar uku ko huɗu, ko ya daina zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar da takunkumin CEDEAO, iyakar Nijar da Benin ta rufe, kayan Nijar da yawa suka karkato zuwa tashar Lome. Masu motoci da masu fiton kaya sun samu aiki, amma hanyar ta ratsa ta Cinkasse da Kaya da Dori zuwa Tera, inda sai da rakiyar sojoji ake wucewa. Direba da yaron mota sukan yi makonni suna jiran ayari, kuma akwai waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Mutum zai ce ai ga tashar jiragen ruwa tana bunƙasa, ga sabon filin kwantena da aka buɗe a 2014, ga yankin masana'antu na Adetikope da aka ƙaddamar a 2021, kuma hanyar zuwa can ta gaban Zongo ta wuce. Gaskiya ne. Sai dai tashar zamani injuna ne ke sauke kayanta, mutum kaɗan take buƙata, kuma wanda take buƙata sai mai takardu da horo. A nan ne yaranmu ke cin karo da ƙofofi uku.

Ƙofofi uku

Ta farko takardu. Jarrabawar shiga aikin gwamnati na neman takardar haihuwa da takardar zama ɗan ƙasa, manyan kamfanoni ma sai da katin shaida. Akwai matasan da a Lome aka haife su, a Lome aka haifi iyayensu, amma ba a yi musu rajistar haihuwa a kan lokaci ba. Sai yaro ya kai shekara ashirin sannan a fara zirga-zirgar kotu.

Ta biyu harshe. Ɗalibi ya haddace Alƙur'ani, ya tafi Azhar ko Madina ko jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, ya dawo da ilimi mai daraja. Amma harshen ofis a Togo Faransanci ne. Sai ya tsinci kansa yana koyarwa a makarantar unguwa da albashin da bai kai mafi ƙarancin da doka ta yanka ba, da yamma kuma ya hau babur.

Ta uku jari. Gwamnati ta kafa hukumomi: ANPE mai haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, ANVT ta aikin sa-kai, da asusun FNFI da aka buɗe a 2014 don ƙananan rance. Suna da amfani, kuma haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ya ƙwanƙwasa ƙofarsu. Amma aikin sa-kai na ɗan wa'adi ne, rancen kuma mafi yawansa da kuɗin ruwa yake. Dokar yankin sefa ta yarje wa ƙananan cibiyoyin bashi su kai har kashi 24 cikin 100 a shekara. Matashin da ke gudun riba sai ya ja da baya, ko ya karɓi babur a hannun mai kuɗi yana biyan balas kullum, kafin ya gama biya babur ɗin ya tsufa.

Zanga-zangar da matasa suka yi a Lome cikin Yunin 2025, bayan sauyin tsarin mulki da ƙarin kuɗin wutar lantarki, ta jawo asarar rayuka. Kowa na da yadda yake fassara siyasar lamarin, amma tsadar rayuwa da rashin makoma na cikin abin da aka yi ta ambata. Nauyin samar da yanayin aiki, da sauƙaƙa takardu, da tsare kasuwanni daga gobara, yana wuyan hukuma, kuma wajibi ne shugabannin al'umma su riƙa faɗa mata cikin hikima.

Abin da ke hannunmu

Sai dai 'yan uwa, tsanin maigida da yaro namu ne, mu ne za mu gyara shi.

Alhazanmu masu shaguna, yaron da ya yi shekara bakwai ko goma yana buɗe maka shago yana rufewa, yaushe ne ranar sallamarsa? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Me zai hana a rubuta yarjejeniyar yaron shago a gaban liman da shaidu biyu: shekara kaza, abin kashewa kaza, jarin sallama kaza? Maƙwabtanmu Ibo da ke riƙe da babban kaso na cinikin gwanjo a Hedzranawoe da irin wannan tsarin suke yaye yaransu, shi ya sa shagunansu ke haihuwar shaguna.

Masu fitar da zakka, a duba yadda ake raba ta. Miliyan ɗaya da aka watsa wa mutum dubu, jika-jika, ta ƙare kafin magariba. In aka ba mutum huɗu ko biyar da suka cancanta, kowa ya samu keken ɗinki ko dilar farko, ana sa ran baɗi wani cikinsu ya daina karɓa. Fiƙihunmu na Malikiyya kuma ya tanadi ƙiradi: mai kuɗi ya ba da jari, mai ƙarfi ya juya, a raba riba yadda aka yi sharaɗi. Kwamitin masallaci na iya zama mai shaida da mai bibiya, yadda mata suka daɗe suna riƙe adashi ba tare da banki ba.

Masu makarantu, ɗalibin da zai sauke karatu ya fita da Faransancin da zai rubuta takardar neman aiki, da sana'a ɗaya a hannunsa: wutar lantarki, walda, gyaran waya, kanikanci ko lissafin shago. Iyaye kuma, ranar suna a tambayi takardar haihuwar jariri kamar yadda ake tambayar rago.

Ku kuma matasa, lokacin da Abdurrahman bin Auf, Allah Ya yarda da shi, ya isa Madina ba shi da komai, an yi masa tayin rabin dukiya, shi kuwa hanyar kasuwa ya nema. Ba a raina ƙaramar sana'a, kuma amana ita ce jarin wanda ba shi da jari. Amma a tuna kasuwar da ya shiga kasuwa ce da aka tsare daga algus da danniya, kuma ya tarar da 'yan uwan da ke shirye su ɗaga shi. Rabin labarin na matashi ne, rabi na al'umma.

A wannan Juma'ar, kowane maigida ya ƙirga yaran da ke ƙarƙashinsa, ya ƙirga nawa ya taɓa sallama. Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da Togo da maƙwabtanta lafiya.