Tsatsar ƙasan mota: aikin da za ka yi a gida, da wanda dole ka kai wa mai walda

1/ Jama'a ku matso mu yi maganar ƙarƙashin mota. Matasanmu na Gwarzo da Kabo, mai Golf, mai Sharon, mai 'yar ƙurƙura: kullum ana goge bodi har yana ɗaukar ido. To yaushe rabonka da ka durƙusa ka leƙa shasi? Zare ne, a yi haƙuri da tsawonsa. 🧵

2/ Ra'ayina a taƙaice: kare mota daga tsatsa aikin gida ne, da hannunka za ka iya. Amma in tsatsa ta riga ta huda shasi, wannan ya fi ƙarfin ƙofar gida. Mu kuwa mun yi watsi da na farkon, sai an samu huji mu ɗauko fila mu toshe.

3/ Bara wani abokina ya sayi Golf ta hannu. Ƙasanta baƙi wuluk, sai sheƙi. Damina ɗaya ya yi yana lodin kasuwar Getso. Ran nan ya faɗa rami, mazaunin shokozoban baya ya ɓurma. Da aka kankare fentin, fila ce zalla da guntun gwangwani. Allah ya sa ba gudu yake ba.

4/ Na san wani zai ce ai nan ba Legas ba ce, ba mu da iskar teku. Gaskiya ne. Amma motocinmu 'yan Kwatano ne. A Turai da Kanada da arewacin Amurka gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri abokin tsatsa ne. Da ciwonsu suke zuwa.

5/ Kar ka ɗauka ƙaramin abu ne. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. Ita kuma Golf 3 da muke ji da ita, tun kafin shekarar 2000 aka daina ƙera ta. Lissafa shekarunta.

6/ Sai namu na gida. Daga Yuni zuwa Satumba, duk wanda ya sauka daga kwaltar Kano zuwa Gwarzo ya shiga ƙauyuka ya san jar laka. Tana maƙalewa a lungunan taya da saman tanki. Wajenta ya bushe, cikinta na riƙe da danshi makonni. Ruwa da iska kawai tsatsa ke nema.

7/ Ga kuma abin da muke ɗauka. Buhun takin zamani ya yage a but, yuriya ta zube, ta ja danshi, ta fara cin ƙarfe. Fitsarin awaki ranar kasuwa. Ruwan batir da ke ɗiga. Kafet da ya jiƙe aka bar shi. Wannan tsatsar daga ciki take cinyewa zuwa waje.

8/ Ka san irin motarka tukuna. Hilux da manyan motocin kaya suna da shasi daban, bodi a kai aka ɗora shi. Golf, Sharon, Corolla kuwa jikinsu shi ne shasinsu. Wato dokin ƙofar nan da ke ruɓewa yana cikin abin da ke riƙe da motar in an yi karo.

9/ Lokacin aiki shi ne bayan kaka, in hunturu ya shigo, iska ta bushe. Kar ka yi fenti a kan ƙarfe mai danshi, ka rufe ruwa a ciki ke nan.

10/ Kafin komai, ranka. KAR ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Kar ka tokare da bulon siminti, fashewa yake ba sallama. Nemi wuri mai tauri kuma daidai, ka sa katako mai kauri ko ƙafar ƙarfe, ka datse tayoyi da dutse. Ka samu wani a kusa.

11/ Wanke ƙasan tas, ka bi lungu-lungu ka fitar da laka. Cire kafet da safaya. A ƙasan ƙofofi da dokin ƙofa akwai 'yan ramukan fitar ruwa, ka zura waya ka buɗe su. Bar ta ta sha rana kwana biyu.

12/ Yanzu gwaji. Ɗauki sukundireba ka riƙa ƙwanƙwasawa kana dannawa. In ƙarfe ya yi ƙara garau, jan saman ne kawai, naka ne. In ya lotsa, ko yana ɓantarowa kamar ɓawon rogo, ko ya huje, yi wa wurin alama ka dakata.

13/ Inda yake naka: burushin waya, sai samfefa, har farin ƙarfe ya fito. Goge da tina. Shafa jan fentin nan na masu ƙyauren ƙarfe sau biyu, kowane ya bushe. Sannan baƙin fentin ƙasan mota a kai. Duk ana samu a Ƙofar Ruwa. Sa takunkumi da tabarau.

14/ Kar fenti ya taɓa birki, salansa ko robobi. Kuma tunda kana ƙasa, bi siraran bututun birki da na mai da ido. In sun yi ƙuraje, canza su za a yi. Fenti ba ya maganin bututun da zai fashe a gangara.

15/ Sai batun da za mu yi faɗa: fesa baƙin mai a wajen wanki. Eh, mai yana korar ruwa. Amma baƙin mai yana lalata robobi, yana kama ƙurar hunturu ta zama dambu, yana ɓoye tsagewa, in ya taɓa birki kuma sai addu'a. Giris mai tsafta a kusoshi ya fi.

16/ Inda ba naka ba: huji ko tsagewa kusa da mazaunin shokozoba, sifirin, inji, sitiyari ko bel. Wannan sai mai walda da ya san aiki. Ya yanke ruɓaɓɓen har ya kai lafiyayye, ya sa ƙarfe mai kauri ɗaya, ya bi shi da walda ɗoɗar. Ɗigo-ɗigo ba gyara ba ne.

17/ Ka tsaya a kansa. A cire batir, a janye kafet da wayoyi, a nisanci tanki da bututun mai. Tankin da babu mai ma tururinsa na kamawa. Ka ga aikin da idonka kafin a shafa fenti, sannan ka rufe ɗinkin ciki da waje, don nan tsatsa ke fara dawowa.

18/ Za ka ce babu kuɗi. Na yarda. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 direba ke ji a jikinsa. Amma shi ya sa ma. Wa ke da kuɗin canza mota yanzu? Gwangwanin fenti da yini biyu ko kuɗin wata motar, wanne ya fi sauƙi?

19/ Masu sayarwa kuma, ku ji tsoron Allah. Toshe ruɓaɓɓen shasi da fila a fesa baƙi algus ne. Motar nan mata da yara za ta ɗauka zuwa Rimin Gado da Kano. Faɗi aibinta, ka rage kuɗi, ka kwana lafiya.

20/ Mai saye: tafi da tocila da maganaɗisu. Maganaɗisu ba ya kama fila mai kauri. Tsohuwar mota da sabon baƙin fenti a ƙasa, kyan ɗan maciji ne har sai ka tabbatar. In dillali ya hana ka leƙawa, ya ba ka amsa.

21/ Gobe da safe kafin ka tayar, shimfiɗa buhu ka leƙa, minti biyar. Abin da ka gani ka ɗauko hoto ka ajiye a nan ƙasa mu duba tare. Masu walda da makanikai na Gwarzo da Kabo, inda na yi kuskure ku gyara min. Allah ya tsare hanya.