Ban ruwa ɗaya, girbi biyu

Wasu masu garka suna cewa kowane fangali iri ɗaya ake sa masa. Wannan ɓarnar wuri ce da ta ruwa. Shu yakan yi wata 3 kafin a sare shi. Salati kuwa, kwana 45 sun ishe shi. In an dasa salati tsakanin layukan shu, za a cire shi kafin ganyen shu ya rufe wurin. Da rani, lokacin da ruwan rijiya yake ja baya, wannan riba ce babba. Manoma sun daɗe suna haɗa hatsi da wake a gona. Ya kamata garkar lekol ta yi koyi da su. Amma kada a cushe shuka, don tana son rana da iska.