Wasiƙa daga Kiyeshe: Far Cry 2, ga daji ga wuta, ina mutanen gari?

Filinmu na wanga mako zai duba wani abu da manya da yawa ke ɗauka shirmen yara ne, wato wasan harbi da ake yi da akwatin wasa a gaban talabijin. Duk wanda ya leƙa ɗakunan wasa na Dogon Dutsi ko na Yamai ya san galibin samari ƙwallo suke bugawa da maneti, amma ba a rasa faifan bindiga a gefe, kuma ɗiyanmu na Kiyeshe da ke zuwa makaranta ko ci-rani suna komowa da labarinsa. A cikin irin waɗannan wasanni akwai guda da ya cancanci a zauna a tauna shi, domin a Afirka anka kafa labarinsa. Sunansa Far Cry 2.

Kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ne ya fito da shi a watan Oktoba na 2008, daga reshensa na birnin Montiriyal a Kanada, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Clint Hocking. An yi shi domin PlayStation 3 da Xbox 360 da kuma kwamfuta. Yana cikin jinsin wasannin da mai wasa ba ya ganin jikinsa, sai hannuwansa da bakin bindiga, tamkar da idanunsa yake kallon filin daga. Labarin gajere ne: kai sojan haya ne, an turo ka wata ƙasar Afirka da ba a faɗi sunanta ba, inda ƙungiyoyi biyu, UFLL da APR, ke yaƙin basasa. Aikinka shi ne ka kashe wani dillalin makamai da ake yi wa laƙabi da Jackal, wato Dila, wanda ke sayar wa kowane ɓangare bindiga.

Mu fara da abin yabo, don ko maƙiyi ya yi rawar kirki a yaba masa. Abin da ya fi burge ni shi ne wuta. Idan ka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a cikin wasan, ba ta tsayawa inda ka so. Tana bin iska, ta kama itace, ta lashe bukka, ta fasa akwatin harsashi, wani lokaci ta juyo kanka. Duk manomin da ya taɓa fita da ganye a hannu yana bugun wutar daji a lokacin hunturu, yana tsoron kada ta kai ga rumbun hatsi, zai shaida cewa masu wasan sun fahimci halinta. Masu shirya shi sun je Kenya a 2007 sunka kalli ƙasa da idonsu, kuma ana ganin amfanin tafiyar a jar ƙasa, da ƙura, da yadda hasken rana ke sauyawa daga asuba zuwa almuru a fili mai faɗin murabba'in kilomita 50. Har muryar mawaƙin Senegal Baaba Maal sunka sa a cikin kiɗan.

Sai bindiga. A yawancin wasannin harbi, bindiga ba ta ciwo ba ta tsufa. A nan kuwa tana tsatsa, tana sarƙewa ana tsakiyar musayar wuta, idan ka matsa mata ta tarwatse a hannunka, musamman wadda ka tsinta wurin abokin gaba. Mota tana lalacewa, sai ka sauka ka buɗe gabanta ka ɗaure. Taswira a hannu kake riƙe ta, kana tuƙi kana leƙe. Wanga duk yana sa mai wasa ya ji shi ɗan adam ne mai rauni, abin da takwarorinsa irin su Call of Duty ba su cika damuwa da shi ba. Kuma batun Dila, mai cin riba da jinin kowane ɓangare, ya zama magana mai nauyi a yankinmu na Sahel bayan 2011, lokacin da rumbunan makaman Libiya sunka watse, bindigogi sunka bazu hannun da bai kamata ba.

Masassara ma tana ciki. Tun farkon wasan cutar cizon sauro ke kama ka, kuma lokaci-lokaci gani ya dushe, sai ka haɗiye ƙwaya. A nan yabona rabi ne. An kyauta da anka tuna da cutar, amma an mayar da ita kamar ciwon kai da ƙwaya guda ke kwantarwa. Mu da ke ganin yadda likita ke cika da yara kowace damina mun san ba haka take ba: maganin da ake bayarwa na kwana uku ne cikakku, bayan an yi gwajin jini, kuma wanda ya yanke shan sa don ya ji sauƙi ya sayi wahala. Ƙanana ƴan ƙasa da shekara biyar ta fi kashewa, abin da ya sa ake bin gida-gida ana ba su maganin riga-kafi a watannin ruwa. A cikin wasan babu yaro ko guda da ke rawar ɗari, sai baƙo mai bindiga.

Aibin da masu wasa sunka fi kuka da shi tun fitowarsa shi ne na shingayen hanya. Ka share masu gadin shinge, ka yi gaba kaɗan ka juyo, sai ka tarar da sababbi sun tsaya kamar ba a yi komai ba. Tafiya tana da tsawo, ayyukan suna kama da juna, kuma ko wace ƙungiya kake yi wa aiki, mayaƙanta za su harbe ka da zarar sun hango ka. Wasu na cewa da gangan anka yi, don a nuna yaƙi ba shi da aboki. Ni dai ina ganin rabinsa hikima ce, rabinsa gajiyawa.

Babban aibin kuwa, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne ƙasar ba ta da mutane. Akwai jakin dawa da barewa da ɓauna, akwai bukkoki da gidajen laka, amma babu mace a bakin rijiya, babu kasuwa mai ci, babu makiyayi da garkensa. Farar hula ƴan kaɗan ne, a ɓoye cikin wasu ɗakuna, kana kai musu takardun tafiya su ba ka maganin masassara. Kuɗin da ake ciniki da shi ma lu'ulu'u ne. Saboda haka idan ka sa wa ƙauye wuta, ba ka jin kukan kowa, ba ka ganin wanda zai kwana da yunwa.

Masu wasan ba su ɓoye inda sunka ɗebo ruwa ba: littafin Joseph Conrad ne, Heart of Darkness, har sunka sa sunansa a kan yankin ƙarshe na wasan. Littafin ya fara fitowa kashi-kashi a wata mujallar Birtaniya daga Fabrairu zuwa Afrilu na 1899, yana ba da labarin Baturen da ya shiga Kwango ya zama dodo. Marubucin Najeriya Chinua Achebe ya soki littafin a wata lacca da ya yi a Amurka a 1975, bisa cewa ya mayar da Afirka dandali kawai, mutanenta kuma ba su da baki. Sukar ta hau wasan daidai wa daida.

To, ku dubi shekarar da kyau. A cikin wancan wata na Afrilu 1899, ayarin sojan Faransa na kaftin Voulet da Chanoine yana cikin ƙasar Arewa, yana ƙone garuruwa yana kwashe dabbobi da hatsi. A Lugu, wadda ke nan cikin gundumarmu ta Dogon Dutsi, Sarauniya Mangu da maharbanta sunka tare su da baka da kibiya, kafin su janye cikin kurmi a sa wa garin wuta. A watan Mayu ayarin ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli sunka harbe kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, a Dankori, kuma cikin kwana uku sojojinsu da kansu sunka kashe su a wajen Mai Jirgi. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Su biyun daga cikin gari sunka tsaya sunka kalli ayarin yana tahowa. Wasan kuwa yana ɗora jikan mutanen Lugu a bayan bindigar baƙo, ya miƙa masa ashana, ya share masa filin daga duk wanda zai iya tuna masa da kakarsa.

Ban ce a hana wasan ba. A ganina ya fi yawancin ƴan uwansa gaskiya, domin ba ya yi wa mai wasa kirarin jarumi, kuma ƙarshensa ba biki ba ne: sojan hayar da Dila suna haɗa kai su buɗe wa ƴan gudun hijira hanyar tsallake iyaka, a bakin ransu. Sai dai hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware shi ga masu shekara 17 zuwa sama, saboda jini da ashar da ke ciki, kuma masu ɗakunan wasa ya kamata su kula da wanga kafin su miƙa maneti ga yaron firamare. Malaman tarihi na kolejojinmu kuma suna da abin aiki a nan: a nuna wa ɗalibai minti goma na wutar Far Cry 2, a bi shi da fim ɗin Med Hondo, sannan a tambaye su wane ne ya rasa rumbunsa a kowane ɗaya.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.