Matasan Ingila da ɗakin haya: gaba kura, baya sayaki

Duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ya tafi Ingila karatu ko neman abinci ya san inda yake kwana: ɗaki guda a gidan haya, kicin da banɗaki na kowa da kowa. Irin wannan gida ake kira HMO a can, kuma shi ƙananan hukumomi suka sa a gaba.

A 2010 ne dokar tsara gari ta ware rukuni na musamman ga gidan da mutum 3 zuwa 6 da ba dangi ba suke zaune. Mai gida na iya mayar da gidan iyali irin wannan ba tare da izini ba, sai idan ƙaramar hukuma ta yi amfani da ikon da ake kira Article 4. Manchester da Oxford sun yi tuntuni, Birmingham kuma ta shimfiɗa shi a duk birnin a 2020. A can, idan irin gidajen za su wuce kashi 10 cikin 100 a tazarar mita 100, to da wuya a ba da izini.

Ban ce maƙwabta ba su da hujja ba. Akwai shara, akwai hayaniya, akwai masu gida marasa imani.

Amma fa tun Janairun 2012, marar aure da bai kai shekara 35 ba, galibi tallafin hayar da gwamnati ke ba shi na ɗaki guda ne a gidan tarayya. Wato an ce masa can ne wurinka, sannan an hana ɗakunan ƙaruwa. To ina zai nufa? Ɗaki ya yi ƙaranci, haya ta tashi, mai ƙaramin albashi ya koma lungun da babu rajista, inda ko rufi na yoyo ba ya iya buɗe baki. Masu gidan kansu ne ke kai ƙorafi majalisar gari. Wanda bai samu ɗaki a unguwar ba, wa zai ji muryarsa?

Ni a ganina, a bi inganci, a bar ƙidaya. Tun Oktoban 2018 doka ta wajabta lasisi ga gidan mutum 5 zuwa sama, ta kuma hana kwantar da baligi a ɗakin da bai kai murabba'in mita 6.51 ba. A ƙara masu duba gidaje, a ci tarar mai gidan da ya saɓa. Duk hukumar da ta hana ɗaki kuma, ta faɗa mana inda yaron zai kwana.