Jaka Nawa Ce? Ƙirƙirarriyar Basira da Harshen Talla a Iyakar Jibiya

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar ɗan kasuwa a Magama, bakin iyakar Jibiya, ya san cewa kalmar "jaka" ba ta da ma'ana guda. A bakin Bakatsine, jaka ɗaya naira 200 ce. A bakin mutumin Maraɗi ko Ɗan Isa, wanda yake furta ta "jikka", sefa 1,000 ce, wato dala 200, domin a lissafin Nijar kowace dala sefa biyar ce. Mai saye da mai sayarwa ba sa ruɗewa, saboda kowannensu ya san da wanda yake magana. Tambayar da ta dace manazarta Hausa su yi a yau ita ce: idan aka ɗora wa na'ura aikin rubuta talla a madadin wannan ɗan kasuwa, wace jakar za ta fahimta?

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, lokacin da aka fito da ChatGPT, maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika duniya. A shekarar 2024 kamfanin Meta ya saka tasa manhajar a cikin WhatsApp a Nijeriya, ta haka fasahar ta shiga aljihun mai shago ba tare da ya nema ba. Ana kwaɗaita wa ƙananan 'yan kasuwa cewa za ta rubuta musu talla, ta fassara saƙo, ta gyara hoton kaya, ta kuma amsa wa masu saye. Ra'ayina shi ne ɗan kasuwar Jibiya ya karɓe ta, amma ya ajiye ta a matsayin yaron shago wanda ake aika kuma ake duba aikinsa. Kada ya miƙa mata kujerar dillali. Dalilaina sun rataya ne a kan harshe da amana, da kuma halin da iyakar take ciki.

Matsalar harshe ita ce kan gaba. Waɗannan manhajoji suna koyo ne daga tarin rubuce-rubucen da aka ɗura musu, sannan su riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Hausar da ke kan intanet ba ta da yawa idan an kwatanta da Ingilishi ko Faransanci, kuma kaso mai tsoka daga cikinta labarai ne na kafofi irin su BBC da DW da Muryar Amurka da Aminiya, sai fassarori da maƙalolin Wikipedia. Kusan dukkansu da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta ginu a kan Kananci. Shi ya sa Hausar na'ura takan fito da kamannin labaran duniya. Harshen kasuwar Jibiya kuwa Katsinanci ne da ya cuɗanya da Hausar Maraɗi. A nan ne ake cewa "tahi" da "hwari", ake auna hatsi da tiya, ake kiran jami'an fasa-ƙwauri "kwastam" a wannan ɓangare, "duwan" a wancan, ake cewa "waya" a nan, "salula" a can. Kaɗan ne daga cikin wannan harshe ya taɓa hawa takarda, balle ya isa rumbun da na'ura take koyo.

Wani zai ce ai mai saye yana fahimtar daidaitacciyar Hausa. Gaskiya ne, sai dai talla ta wuce isar da bayani. Tun zamanin fatake, ciniki a ƙasar Hausa yana farawa da gaisuwa, ya bi ta taya da "albarka", ya ƙare da sallamawa da gyara. Akwai barkwancin da ke sassauta farashi, akwai kirarin da mai kaya yake yi wa hajarsa. Saƙon da ya zo da Hausa mai ƙamshin fassara yana sanar da mai karatu cewa baƙo ne ya rubuta shi, kuma a wurin da ake yawan damfara ta waya, baƙuwar murya abar gudu ce.

Sai batun amana. Mu ɗauki misalin mai sayar da aya, wadda jihar Maraɗi ta yi suna wajen nomanta. Yana ɗaukar hoton buhunsa, ya tura wa masu saro a Kano ko Legas. Manhaja tana iya goge ƙurar da ke cikin hoton, ta ƙara wa ayar girma da sheƙi, har ma ta ƙirƙiri hoton ayar da ba a taɓa nomawa ba. A al'adar kasuwa wannan algus ne, ɗan'uwan ɗora kyakkyawan hatsi a bakin buhu a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, kuma shari'ar ciniki da mafi yawan 'yan kasuwar yankin suke bi ta hana ɓoye aibin kaya. Haka kuma waɗannan manhajoji sun shahara da faɗin abin da babu shi cikin cikakkiyar natsuwa. Farashin sefa a hannun 'yan canji yana motsawa kullum, musamman tun da aka sake wa naira mara a watan Yuni na 2023, alhali ita sefa tana ɗaure da yuro. Na'urar da aka bari ta amsa tambayar farashi tana iya ɗaukar alkawarin da zai karya jarin mai shago. Idan ya cika ya yi asara, idan ya saɓa ya zubar da mutuncin da ya shekara yana tarawa.

Halin iyakar shi ma abin lura ne. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu a watan Agusta na 2019, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. A tsakiyar wannan, cikin watan Satumba na 2021, an katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina, ciki har da Jibiya, saboda matsalar 'yan bindiga. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, an sake rufe iyakar har zuwa watan Maris na 2024. Wanda ya zuba dukkan sunayen abokan cinikinsa da lissafin bashinsa a cikin manhajar da ba ta aiki sai da intanet, ya kwana da shirin ranar da za a wayi gari babu layi. Daɗin daɗawa, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, tallar da ta bayyana yawan kaya da wurin ajiya da ranar tafiya tana iya isa ga idon da ba a nufa ba. Na'ura ba ta san wannan ba, za ta ma ba da shawarar a ƙara bayani domin jawo masu saye.

Duk da haka, kuskure ne a ce a guje ta. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da kuɗin ɗaukar magatakarda ko tafinta, kuma a nan ne amfaninta yake. Zai iya farawa da aiki ɗaya ƙarami: ya zayyana mata kayansa da bakinsa, ta tsara masa jerin su domin shafinsa na WhatsApp Business, ko ta juya masa saƙo zuwa Ingilishi domin mai saye na kudu, ko Faransanci domin na Yamai ko Kwatano. Kafin ya tura, ya karanta a bayyane, ko ya sa a karanta masa, ya cire duk kalmar da ba zai iya faɗa wa mutum ido da ido ba. Farashi da awo da ranar isar kaya ya rubuta su da hannunsa, cikin alƙaluma, tare da sunan kuɗin. Hoton kaya ya zama na kayan da ke ƙasa. Lambobin wayar mutane da bayanan asusunsu kada ya zuba su cikin manhaja, domin ko baya ga amana, Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a shekarar 2023. Littafinsa na takarda kuma ya ci gaba da riƙe shi.

Babban nauyin yana wuyanmu, mu manazarta. An yi ƙoƙari a baya: Google Translate ta saka Hausa tun 2013, ƙungiyar Masakhane tana haɗa masu bincike a kan harsunan Afirka, kuma aikin NaijaSenti na shekarar 2022, wanda masana daga Jami'ar Bayero suka taka rawa a cikinsa, ya tattara gajerun saƙonnin Twitter na Hausa da wasu harsunan Nijeriya. Sai dai harshen kasuwa na baka har yanzu yana jiran masu tattara shi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi suna kusa da juna, Jibiya tana tsakaninsu. Babu abin da ya fi dacewa da su kamar haɗa hannu wajen naɗar maganganun ciniki da yardar masu su, a rubuta su yadda aka furta ba tare da an mayar da su Kananci ba, a fito da ƙamus na kalmomin awo da kuɗi da taya na ɓangarorin biyu. Bargery ya nuna hanya tun 1934, lokacin da ya riƙa yi wa kalmomi alamar yankin da suka fito. Ya kamata kuma a zauna a kan bambancin ƙa'idojin rubutu, inda Nijeriya take rubuta 'y, Nijar kuma ƴ, domin wannan kaɗai yana raba kalma ɗaya gida biyu a idon na'ura.

Lokaci ba ya jira. A shekarar 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, ta Jibiya zai bi. Ciniki zai ƙaru, saƙonnin talla za su ƙaru, kuma da yawansu na'ura ce za ta tsara su. Idan muka yi sakaci, yaran da suke tasowa a shagunan iyayensu za su ɗauka cewa Hausar da wayar take rubutawa ita ce daidai, ta bakin iyayensu kuma ƙauyanci ce. Saboda haka ina kira ga sassan nazarin Hausa su tura ɗalibansu na digiri na biyu da na uku zuwa rumfunan Magama da Jibiya da Ɗan Isa, da na'urar naɗar magana da takardar neman izini, su fara da tambaya mai sauƙi: a nan wurin, jaka nawa ce?