RA'AYINMU: A Kafa Lambu A Bayan Ɗaki

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta roƙi kowane gida ya yi ɗan lambu. Wannan kira bai tsufa ba, musamman ga 'yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Badun, masu cin kayan miyan da ake ɗaukowa tun daga Arewa. A 2021, lokacin da aka tsai da motocin abinci bayan rikicin kasuwar Shasha, kowa ya ga yadda tumatir ya gagari talaka.

Amma a lura, noman Kudu daban yake da na gida. Can fangali ake yi domin ya riƙe ruwa. Nan kuwa ruwa ke yawa har saiwa ta ruɓe, saboda haka ɗaga ƙasa ake yi. A nemi izinin mai gida, a kewaye wuri da katako ko bulo, tsayi ƙafa ɗaya, faɗi ƙafa huɗu, yadda hannu zai kai tsakiya. A cika da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen takin shanu, a shuka alayyafo, yakuwa da kuɓewa.

Aikin Asabar ɗaya ne, amfaninsa kuwa uwargida za ta shaida. Muna kira ga sarakunan Hausawa su fara a gidajensu, jama'a su yi koyi.